Otto von Guericke (1602–1686): magajin garin da ya nemi wurin da babu kome

A harshen Latin akwai aikatau vacare, wato wuri ya kasance ba mai shi, ko mutum ya kasance ba aiki a hannunsa. Daga gare shi aka sami sifar vacuus, kuma siffarta ta jinsi na uku, wanda ba namiji ba mace, ita ce vacuum. Romawa na dā suna faɗinta ga gidan da ba kowa, ga gonar da ba mai ita, har ga macen da ba ta da miji. Duk wanda ya yi karatu da Faransanci ya san danginta ko da bai san asalinsu ɗaya ba: vacances da ɗalibi ke ɗoki, poste vacant da mai neman aiki ke farauta, évacuer da ake yi wa majinyaci, da ita vide kanta. Kalma ce ta gida da kasuwa. Masana falsafa ne suka ɗauke ta suka ɗora mata wani nauyi, suka ce tana nufin wurin da babu jiki kowane iri a cikinsa, ko da iska, sa'an nan suka shekara wajen dubu biyu suna gardama a kan ko akwai irin wannan wuri. Mutumin da ya fitar da gardamar daga zauren malamai ya kai ta dandali ɗan siyasa ne, magajin garin Magdeburg a ƙasar Jamus ta yau.

An haifi Otto Gericke a watan Nuwamba na 1602 a Magdeburg, birnin kasuwanci a bakin kogin Elbe, cikin gidan manya waɗanda suka daɗe suna riƙe da kujeru a majalisar gari. Ya shiga jami'ar Leipzig a 1617, ya ɗan zauna a Helmstedt, ya karanta shari'a a Jena, daga nan a 1623 ya tafi Leiden ta ƙasar Holan, inda ya koyi lissafi da fasahar gina ganuwa. Ya zaga Ingila da Faransa kafin ya komo gida. A 1626 ya auri Margarethe Alemann, ƴar wani babban gida na garin, kuma a shekarar nan ya shiga majalisa, aka ba shi kula da gine-gine, daga baya har da kariyar birni.

Ya shiga aiki ne a mummunan lokaci. Tun 1618 ake Yaƙin Shekara Talatin tsakanin sarakunan Katolika da na Furotesta, kuma Magdeburg ta yi suna wajen riƙo da tafarkin Luther. A watan Mayu na 1631 rundunar Kaisar, ƙarƙashin Tilly da Pappenheim, ta fasa ganuwar bayan doguwar kewaya. Aka yi kisa da wawaso, wuta ta cinye kusan dukan garin, mutane wajen 20,000 suka hallaka. Da aka yi ƙidaya a shekarar da ta biyo, mazauna birnin ba su kai 500 ba. Abin ya girgiza Turai har Jamusanci ya ƙiro aikatau daga sunan garin, magdeburgisieren, ma'ana a shafe gari ƙurmus. Gericke ya tsira da ransa da na iyalinsa, amma ya rasa dukiyarsa, aka tsare shi a sansanin mayaƙa sai da aka biya fansa. Ya yi wa rundunar Suwidin aikin injiniya, ya koma Magdeburg a 1632, ya zana taswirar kufan domin a sake gini.

Masu rubuta tarihinsa suna son su ƙulla zare tsakanin garin da ya ga an mayar wayam da kuma neman da ya yi daga baya na wurin da babu kome. Zancen yana da daɗin ji, amma abin da shi kansa ya bayar a matsayin dalili wani ne daban: sararin samaniya. Ya yarda da ra'ayin Copernicus cewa duniya ce ke zagaya rana, kuma tazarar da ke tsakanin taurari ta ba shi mamaki ƙwarai. Idan wannan faɗi duka cike yake da wani abu, yaya duniyoyi ke ratsa shi shekara da shekaru ba su rage gudu ba? Idan kuwa babu kome a cikinsa, to ya kamata a iya samar da ɗan guntun irinsa a ƙasa a duba.

Wannan tunani ya saɓa wa abin da ake koyarwa. Aristo, a littafi na huɗu na Fisikarsa, ya kawo hujjoji cewa wuri marar kome ba ya yiwuwa. Ɗaya daga cikinsu ita ce, abin da ke tafiya cikin ruwa ya fi jinkiri bisa wanda ke tafiya cikin iska, saboda ruwa ya fi kauri. Ke nan in babu abin da zai tare shi sam, gudunsa ba zai yi iyaka ba, abin da hankali ba zai ɗauka ba. Malaman Musulunci sun gaji muhawarar da kalmar al-khalā'. Al-Farabi, wanda ya rasu a 950, ya rubuta ƴar risala a kanta, ya kife tulu cikin ruwa ya gwada, ya ƙare da cewa iska ce ke buɗewa ta cika gurbin. Abubakar al-Razi da yawancin malaman ilimin kalam kuwa sun tafi a kan akwai shi. Saiwar wannan kalma ta Larabci ita ce ta ba mu halwa, keɓewar da mai ibada ke yi, wato wurin da ba kowa sai kai. A jami'o'in Turai na tsakiyar zamani aka taƙaita ra'ayin Aristo da cewa halitta tana ƙyamar wofi, abin da ake kira horror vacui, kuma da shi ake bayyana dalilin da ruwa ke hawa cikin famfo: wai yana rugawa ne ya cike gurbi kada wofi ya auku. Har Descartes, wanda ya yi watsi da Aristo a wurare da yawa, ya tsaya a kan cewa faɗi da jiki abu ɗaya ne, saboda haka wuri marar jiki magana ce mai cin karo da kanta.

A 1646 aka zaɓi Gericke ɗaya daga cikin magadan garin, muƙamin da ya riƙe shekara talatin. Mafi yawan ƙarfinsa a tafiye-tafiyen jakadanci ya ƙare: Osnabrück wajen sulhun Westphalia, Nuremberg, Vienna, Regensburg. Buƙatarsa guda ce, a amince Magdeburg birni ne mai cin gashin kansa, wanda ba ya ƙarƙashin kowane sarki sai Kaisar. A tsakankanin waɗannan tafiye-tafiye, wajen 1650, ya fara gwaje-gwajensa da kuɗin aljihunsa.

Farkon abin ya fi kama da aikin ɗan koyo. Ya cika gangar katako da ruwa, ya toshe ta, ya ɗaura mata famfon tagulla irin na kashe gobara wanda ya juya aikinsa, ya sa ƙarti su ja. Lissafinsa shi ne, in ruwan ya fita ba abin da ya shiga, abin da ya rage shi ne wofi. Sai aka ji gangar tana tsuwa, iska na kutsawa ta ramukan katako. Ya sa ƙaramar ganga cikin babba mai cike da ruwa, ruwan ma ya sami hanya. Ya bar katako ya koma ga jan ƙarfe, ya sa aka ƙera masa tulu mai siffar ƙwallo, kuma a wannan karo iskar kanta ya zuƙe kai tsaye. Ana cikin ja sai tulun ya lotse da ƙara mai firgitarwa, kamar an murƙushe shi da hannu. Mai bin Aristo zai ce ga shaida, halitta ta ƙi. Gericke ya ce laifin maƙeri ne, tulun bai kewayu daidai ba, akwai inda ya yi shafaɗaɗɗe. Aka ƙera wani mai kauri, wanda ya kewayu sosai, ya tsaya. Da aka buɗe bakinsa iska ta afka ciki da ƙarfin da ya tsorata waɗanda ke kusa.

A nan ne, a ganina, darajar mutumin take, fiye da dawakan da suka sa ya yi suna. Ya sauya wanda ake jingina wa aikin a cikin jimla. Kafin shi ana cewa wofi yana ja. Shi ya ce wofi ba ya yin kome, tun da ba kome ba ne. Iskar waje ce ke dannawa, domin tana da nauyi, kuma muna zaune a ƙarƙashinta kamar kifi a gindin tafki. Ya tabbatar da haka da ma'auni: ya auna tulun gilashi da iska a ciki, ya zuƙe ta, ya sake aunawa, ya ga ya rage nauyi. Wanda ya taɓa ganin wanzami yana ƙaho ya ga wannan ƙa'ida tana aiki. Wanzami ya zuƙe iskar cikin ƙahon ya toshe bakin, ƙaho ya kama fata, mu kuma mu ce ƙaho ya ja jini. Abin da ke faruwa shi ne matsin da ke cikin ƙahon ya ragu, na waje ya fi shi, sai ya manna ƙahon ga jiki ya tura fata da jini zuwa inda matsin ya yi sauƙi. Harshenmu na yau da kullum, kamar Faransanci mai cewa aspirer, har yanzu yana gefen Aristo.

Da famfon ya samu, sai ya shiga tambayar abin da iska ke yi ta hanyar cire ta. Kyandir ya mutu a cikin tulun. Ƙararrawa tana kaɗawa ba a jin ta. Tsuntsu ya yi ta haki ya mutu. Inabi ya daɗe bai ruɓe ba. A 1654, wajen babban taron daula a Regensburg, ya nuna wasu daga cikin waɗannan a gaban Kaisar Ferdinand na III da sarakuna. A can ne wani malamin coci, Valeriano Magni, ya ba shi labarin abin da Torricelli ya yi a Italiya shekara goma da suka wuce: ya cika bututun gilashi da zaiba, ya kife shi cikin kwano, zaibar ta sauka ta tsaya a wajen santimita 76, ta bar fili a sama. A Faransa kuma, a 1648, Pascal ya sa surukinsa Florin Périer ya hau dutsen Puy de Dôme da irin wannan bututu, aka ga zaibar tana ƙara sauka gwargwadon hawa. Ashe mutum uku a ƙasashe uku sun doshi wuri ɗaya. Bambancin Gericke shi ne nasa wofin babba ne, ana iya sa abu a ciki, ana iya maimaita shi duk lokacin da aka so.

Sarkin Mainz, Johann Philipp von Schönborn, ya sayi kayan ya aika da su Würzburg, inda wani malamin lissafi na ƙungiyar Jesuit, Gaspar Schott, ya sake gwada su. Schott bai gamsu cewa wofi na gaskiya ne ba, amma ya yi adalci, ya buga bayanin a ƙarshen littafinsa na 1657. Ta nan labarin ya isa Ingila, Robert Boyle da Robert Hooke suka ƙera nasu famfon wanda ya fi sauƙin aiki.

Gwajin dawaki, wanda littattafan makaranta da yawa ke ɗorawa a Regensburg, a Magdeburg aka yi shi wajen 1657. A ɗauka an fafe duma gida biyu, sai dai na jan ƙarfe, faɗinsa kusan rabin mita. Aka haɗa bakin biyun da zoben fata da aka jiƙa da kakin zuma da mai, aka zuƙe iskar ciki. Ba ƙusa, ba ɗauri. Aka ɗaura dawaki takwas ta nan, takwas ta can, aka kore su, da ƙyar suke iya raba su, sau da yawa ma su kasa. Da an buɗe ƴar kafar iska kuwa sai su rabu da kansu. Lissafin ba shi da wuya: iska tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin kusan kilo ɗaya, da'ira mai faɗin rabin mita kuwa tana da kusan murabba'in santimita 2,000, ke nan wajen tan biyu ne ke riƙe da su. Da ya ɗaure gefe ɗaya ga bango, dawaki takwas sun isa su ba da ja iri ɗaya, amma sha shida sun fi cika ido, kuma Gericke ɗan siyasa ne, ya san abin da ke sa sarakuna su saurara. A 1663 ya maimaita shi a Berlin da dawaki 24 a gaban Friedrich Wilhelm, sarkin Brandenburg.

Ya kuma kafa dogon bututu mai ruwa a jikin gidansa, tsawonsa ya haura mita goma, da ɗan mutum-mutumin katako yana yawo a saman ruwan. Mita goma ita ce iyakar ruwan da nauyin iska ke iya ɗagawa, shi ya sa injin ban-ruwa da aka ajiye a bakin rijiya mai zurfi ba ya jawo ruwa kome ƙarfinsa, sai an saukar da shi kusa da ruwan. Ya lura mutum-mutumin yana hawa da sauka tare da sauyin yanayi, kuma a Disamba 1660, da ya ga ya yi ƙasa fiye da kullum, ya yi gargaɗin babbar guguwa, ta kuwa zo. Ya ƙera ƙwallon farar wuta da ake gogawa da hannu yana jawo gashin tsuntsu yana kuma korarsa. Shi yana neman misalin ƙarfin da duniya ke riƙe abubuwa da shi ne, na baya suka gane lantarki ya taɓo.

A fagen da ya fi ba wa rayuwarsa kuwa bai yi nasara ba. Yarjejeniyar Westphalia ta 1648 ta ambaci tsohon ƴancin birnin, amma ita ce kuma ta yi wa Brandenburg alkawarin ƙasar Magdeburg, kowane ɓangare ya karanta nassin yadda ya dace da shi, mai sojoji ya yi rinjaye. A 1666 birnin ya amince da zaman dakarun Brandenburg a cikinsa, a 1680 ya shiga hannunsu gaba ɗaya. A shekarar 1666 ɗin ce Kaisar Leopold na I ya ba shi sarauta, ya ƙara von a gaban sunansa, ya kuma cusa harafin u bayan g, Gericke ya zama Guericke, domin masu karatu da ƙa'idar Faransanci, harshen jakadu, kada su furta shi da j. Dabarar nan ce ta mayar da Gidan Rumji ya zama Guidan Roumdji a taswirorinmu.

Babban littafinsa ya kammala shi a 1663, amma sai 1672 ya fito a Amsterdam, da Latin, da suna Experimenta Nova (ut vocantur) Magdeburgica de Vacuo Spatio. A lura da kalmomi biyun ƙarshe: vacuo a nan sifa ce, tana siffanta spatio, wato sarari. A wajensa sarari shi ne asali, mazubi marar iyaka wanda ke nan ko da abu a ciki ko babu, kuma ya kai shi kusa da sifofin Ubangiji. Boyle ya bi wata hanya. Ya ƙi shiga gardamar ko akwai wofi na haƙiƙa, ya ce shi abin da yake nufi da kalmar shi ne wurin da aka fitar da iska, iyakar abin da famfo ke iya yi. Wannan ƙuntata ma'ana ita ta yi nasara, kuma ita ce ke aiki a kimiyya har yau, inda ake auna wofi da daraja-daraja, wani ya fi wani, abin da a ma'anar Aristo ba shi da kai.

Daga nan kalmar ta sake faɗaɗa. A 1892 James Dewar ya yi kwalba mai bango biyu da aka zuƙe iskar tsakaninsu, kakar abin da muke zuba ruwan zafi a ciki. A Ingilishi sunanta yana ɗauke da vacuum, Hausar Najeriya ta yar da wannan rabi ta ari ɗayan ta ce filas. Injin share ƙura, wanda Hubert Cecil Booth ya yi wa rajista a 1901, Ingilishi ya sa masa suna daga wofi, har ya mayar da kalmar aikatau, alhali Faransanci ya ce aspirateur, Jamusanci ya ce Staubsauger, mai tsotsar ƙura. Siyasa da shari'a ma sun ara: vide du pouvoir, vide juridique. Abin lura shi ne duk lokacin da aka faɗi waɗannan, ana nufin wani zai ruga ya cike wurin, wato tsohuwar ƙyamar wofi da Guericke ya kora daga kimiyya ta sami mafaka a bakin ƴan jarida.

Mai fassara zuwa Hausa ba zai sami kalma ɗaya da za ta ɗauki wannan kaya duka ba, kuma ban ga dalilin tilasta mata ba. Fanko mazubi ne da abin cikinsa ya ƙare, amma cike yake da iska. Sarari da fili suna nuna buɗewa, sun dace da spatium. Gurbi wuri ne da wani ya bari, yana jiran mai maye shi, shi ya sa shi da giɓi suka fi dacewa da maganar mulki da doka. Wayam amsa-kama ce, tana ba da hoton, ba ta zama suna. Wofi, wadda na yi ta amfani da ita a nan, ita ce mafi kusa, sai dai tana jan ma'anar banza a bayanta, kamar yadda ake cewa mutumin wofi. Ga darasin kimiyya a aji, wuri marar iska ya fi aminci, domin shi ne ainihin abin da Boyle ya ce yana nufi. Wofi kuma a bar wa falsafa, inda gardamar take tun farko.

Guericke ya ajiye aiki a ƙarshen shekarun 1670, bayan saɓani da majalisar garin a kan haƙƙoƙin da yake ganin ya cancanta saboda hidimarsa. A 1681, da annoba ta doso Magdeburg, ya koma Hamburg wurin ɗansa Otto, wanda shi kaɗai ya rayu cikin ƴaƴansa uku. A can ya rasu a watan Mayu na 1686 yana da shekara 83, aka mayar da gawarsa garinsu. Jami'ar Magdeburg da aka kafa a 1993 tana ɗauke da sunansa, famfonsa da ƙoren jan ƙarfen nan biyu kuwa suna ajiye a Deutsches Museum da ke Munich.